Kafin mai kuɗin sallama ya sayi fili a Kumasi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan gurbi a jaridarka domin magana da 'yan uwanmu masu shekara hamsin da ɗoriya da aka sallama daga aiki. Tun rufe bankuna daga 2017 zuwa 2019 irinsu suka yi yawa a unguwannin Asawase, Aboabo da Tafo na Kumasi. Shawarar da ake fara ba su a majalisa ita ce su sayi fili, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Haka ne, amma fili ba ya kawo kuɗin cefane, kuma wannan ne abin da ya fi damunmu.

SSNIT, hukumar fansho ta Gana, ba ta biyan cikakken fansho sai a shekara 60, ko ragagge daga 55, bayan an zuba na wata 180 aƙalla. Wanda aka sallama yana da 52 yana da shekarun da babu albashi babu fansho. Saboda haka ya fara ware kuɗin abinci, magani da makarantar yara na shekara guda, kada ya taɓa su. Abin da ya saura ne jari. Bashin banki kuwa, ko an ajiye maganar riba gefe, ruwan da ke kansa ya fi abin da haya za ta kawo.

A ganinmu, wanda yake da gida ko kangon da bai ƙarasa ba, daga nan ya kamata ya fara. Ɗaki da falo biyu ko uku masu banɗaki a ciki, kowanne da mitar wutarsa ta kamfanin lantarki na ECG, sun fi fuloti uku a bayan Kodie ko Ejisu, can wajen Kumasi, amfani gare shi yanzu. Mita ɗaya ga gida duka ita ce tushen rabin rigimar 'yan haya. A gama ɗaki ɗaya tsaf, a saka mutum, sannan a shiga na biyu. Masu tada ɗaki takwas lokaci guda sukan tsaya a linta, siminti ya tashi, damina ta ci ginin. A 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuma mutane da yawa sun ga yadda kuɗin rufi ya koma kuɗin kwano kaɗai.

Lissafin haya ma a yi shi da gaskiya. Daga kuɗin shekara a cire kashi 8 cikin ɗari na harajin da hukumar haraji ta GRA ke karɓa a kan gidan zama, ko 15 a kan shago, a cire kuɗin gida na asambili (ƙaramar hukuma), kuɗin ƙasa na shekara, gyara, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida gaba, ko da yake kowa ya san ana karɓar shekara biyu. Ga wanda ba shi da albashi wannan tarko ne: ya cinye kuɗin cikin wata huɗu, rufi ya fara yoyo, ɗan haya kuwa ba ya da sauran abin biya.

In dole sai an sayi fili, to a sani cewa mafi yawan ƙasar Kumasi ta sarauta ce, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ita baki ɗaya. Haya ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, wanda ba ɗan Gana ba kuma ba ya wuce 50. Takardar rabo da sarkin yanki ya bayar ba ta isa ba. Ana kai ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, sannan Hukumar Filaye a yi rajista. Kafin a biya ko sidi ɗaya, a ɗauki safiyo mai lasisi, naka ba na mai sayarwa ba, ya auna ya fitar da taswira, da ita za a yi bincike a hukumar. Sau da yawa taswirar da dillali ke nunawa ta wani wuri ce dabam da inda ya tsayar da kai. A je wurin bayan ruwan sama mai ƙarfi, a duba alamar ruwa a jikin katangar maƙwabta, a tambaye su wa suka sani da filin. Wanda ya ga ambaliyar rafin Aboabo ba ya bukatar ƙarin bayani. A biya ta banki, kashi-kashi, a gaban lauya.

Gidan gado a zango ya fi komai wuya. Sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ga takardar kotu ta masu kula da gadon da yardar magada, har da mata da waɗanda ke ƙasar waje. Dokar filaye ta 2020 ma ta ce abin da ma'aurata suka samu cikin aure ba a sayar da shi sai da rubutacciyar yardar ɗayan. Duk mai sayarwar da ya ce a biya yau takardu su biyo baya, a bar masa gidansa.

Wassalam,
Wasu masu aikin gini da awon fili,
Asawase, Kumasi