Edita a ja hankalin masu gini kan daben gareji

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ka dan bani fili in yi magana kan wani abu da mutane suka raina a harkar gini, wato zuba kankaren kasa na gareji ko shago ko sito ko dakin janareto, irin kananan gine-ginen nan da ake yi a gefen gida bayan an gama babban gini kudi sun fara karewa.

Duk wanda ya zaga sabbin unguwanni a Kano ko Kaduna ko Gombe zai ga abinda nake fada. Gida ne an kashe masa miliyoyi, tayil har bango, amma ka leka gareji sai ka tarar kasan duk ya tsattsage, in aka yi shara kura ke tashi daga jikin simintin kansa, daidai inda tayar mota ke tsayawa ya lotsa, ruwan wanki ya kwanta a tsakiya ko ma ya koma ciki maimakon ya fita ta kofa, kuma duk wannan cikin shekara daya ko biyu kacal. Maigida yace simintin yanzu ne ba kyau, magini yace maigida ne ya matse hannu wajen kayan aiki, kowa yana wanke kansa. Ni dai da na dade a wannan sana'a abinda na gani shi ne mafi yawan daben da ya lalace ruwa ne ya kashe shi, an cika masa ruwa lokacin kwabi sannan aka hana shi ruwa bayan an zuba.

Bari in fara da kwabin. Ma'aunin da aka saba da shi na irin wannan aiki shi ne 1:2:4, siminti kashi daya yashi biyu tsakuwa hudu, kuma tunda buhu daya mai kilo 50 yana cika kwanon aiki wajen biyu, kenan buhu daya zai ci yashi kwano hudu tsakuwa kwano takwas. Ruwan da ya kamata wannan hadi ya sha bai wuce jarka daya mai lita 25 ba, irin ta 'yan garuwa, in yashin jikakke ne ma sai an rage. Toh amma je ka wajen aiki da misalin karfe daya na rana a watan Afrilu kaga abinda ake yi, leburori sun gaji, kwabi mai kauri yana da nauyi a shebur, sai kaga daya ya rike tiyo yana ta zazzaga ruwa ba awo ba komai har hadin ya koma kamar koko, yana gudu da kansa cikin katako, kowa ya ji dadi aiki na sauri. Kadan ne daga wannan ruwan siminti yake bukata, ragowar sai ya taso sama ya tafi da iska ya bar kananan ramuka a cikin kankaren wadanda ido baya gani, shi yasa yake rasa karfi kuma yana tsukewa yana fashewa. Kwabi mai kyau in ka debo a shebur ka juye zai tsaya a tsibi ya dan zauna kadan, ba zai bazu ba, kuma ba za kaga tsakuwa ta ware gefe ruwan siminti ya ware gefe ba.

Sai maganar ja wa buhu rai. Tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wasu wurare mutane suka kara kaimi wajen rage shi, ban ga laifin mai neman sauki ba wallahi, rayuwa tayi tsada, amma lissafi baya karya. Gareji mai tsawon mita 6 da fadin mita 4, in kaurin daben inci hudu ne wato santimita 10, zai ci buhu 15 ko kusa da haka. In kuma babbar mota ce mai daukar kaya zata rika shiga sai an kai inci shida, wajen buhu 22. Duk wanda yace maka zai yi maka da buhu takwas, ko dai zai yi maka inci biyu ne ko kuma yashi zai cika maka, ba wata dabara a ciki. Kuma a duba buhun, kamfanoni irin su Dangote da BUA da Ashaka suna rubuta lambar karfin simintin a jiki, 32.5 ko 42.5, sannan in ka taba buhu ka ji dunkule-dunkule masu tauri da basa murmushewa a hannu to ya sha danshi a sito, kar ka karba ko an rage maka kudi.

Yashi ma haka. Masu tifa wani lokacin su kawo maka yashi hade da laka musamman da damina, kuma laka tana hana siminti kama yashi. Gwajin ba wuya, samu kwalba mai haske ka zuba yashin zuwa rabi ka cika da ruwa ka dan sa gishiri ka girgiza sosai ka ajiye na 'yan awanni, yashi zai kwanta kasa laka ta kwanta a samansa, in kaga lakar tayi kauri a mayar musu da abinsu ko a yi wani aikin da shi.

Kasan wurin kuwa ba sai na tsawaita ba, duk magini ya sani, kin yi ne kawai. A kwashe kasar sama mai ciyawa da saiwoyi, a yi ciko da jar kasa ko marmara kadan-kadan, kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a kirbe sosai sannan a kara wani, ba a juye tifa uku lokaci daya a baje a ce tayar baro ta danne ba. Kar a cika da shara da ledoji da fasassun kwalabe don nan gaba zasu zauna kankare ya rage a rataye. Mutanen yankin tafkin Chadi a Borno da wajajen Numan a Adamawa da wasu sassan Gombe masu bakar laka, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, su nasu ya fi na kowa, sai sun kwashe ta da zurfi sun sa wata kasar, in da hali ma a nemi injiniya ya duba. Bayan ciko a fesa maganin gara, a shimfida leda mai kauri don kasa kar ta tsotse ruwan kwabin kuma danshi kar ya rika tasowa daga baya. In za a sa waya ko rodi a dora shi kan 'yan guntayen siminti da muke ce wa biskit ya zauna a cikin kankaren, wayar da aka shimfida a kasa aka zuba kankare a kanta asarar kudi ce kawai. A kuma ja igiya a fitar da gangara zuwa kofa, santimita daya zuwa biyu a kowace mita ya isa.

Yanzu ga inda nake so 'yan uwana magina su saurare ni da kyau, wajen shafe. Bayan an zuba an caccaka da sanda ko injin girgiza iska ta fita, an ja mikakken katako an daidaita sama, sai a dakata. Wani ruwa zai taso ya kwanta a sama yana kyalli, wannan ruwan jira ake ya tafi da kansa kafin a sa cokali, lokacin da in ka danna yatsa zai bar dan shaida kadan kawai. Amma me muke yi? Yamma tayi kowa na son ya tashi, sai kaga magini ya yaga buhu ya debi busasshen siminti a hannu yana barbadawa kan ruwan nan, ya durkusa kan katako yana gogawa da cokali yana gogawa har wurin yayi sumul yana daukar ido, maigida ya zo ya gani yace kai wannan mutum ya iya aiki, har da kyautar kudin mota. Alhali abinda aka yi wata siririyar fata ce a sama wadda bata hade da na kasa ba, bayan 'yan watanni ta fara zane-zanen tsaga, sannan ta rika barewa tana zama gari, kurar nan da matan gida ke sharewa kullum bata karewa daga nan take. Kuma gareji ma baya son santsi, wuri ne na bakin mai da ruwa, a shafe da katako ko a ja tsintsiya mai tauri a kai ya dan yi kaushi yafi, kar dattijo ya zo fitowa daga mota ya zame.

Wani abu da kusan ba mai yi a kananan ayyuka shi ne yanka layi. Kankare dole sai ya tsuke, ba makawa, don haka gara kai ka zaba masa inda zai tsage. Duk bayan kamar mita uku a ja layi mai zurfin kashi daya cikin hudu na kaurin daben, ko tun yana danye ko washegari da injin yanka, tsagar sai ta bi cikin layin ba wanda zai gani.

Sai babbar maganar, ban ruwa. Mutane da yawa har da wasu magina suna zaton rana ce ke busar da kankare yayi karfi, saboda haka in ya bushe da wuri murna suke. Ba haka bane, siminti da ruwa ne suke haduwa a hankali suna yin tauri, da zarar ruwan ya kare aikin ya tsaya a inda yake ko da bai kai rabi ba. Injiniyoyi a kwana 28 suke auna cikakken karfin kankare, a sati na farko kuwa yakan samu wajen kashi biyu cikin uku in an kula da shi, shi yasa ake cewa mafi karanci kwana bakwai yana jike dare da rana. Jike fa nace, ba a watsa bokiti daya da safe rana ta shanye kafin karfe goma ba. A rufe shi da buhunan algarara ko yashi a rika jikawa, ko a jika a lullube da leda a danne gefe da bulo, ko a yi dan kunya da kasa a kewaye a tara ruwa a kai ya kwanta. A kasarmu ta arewa wannan ba zabi bane, da bazara zafi yana wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da hunturu kuma mutane suna ganin ai akwai sanyi ba sai an damu ba alhali iskar lokacin ce tafi bushewa, tana iya tsaga saman kankare tun kafin a wanke shebur. Saboda haka ma ya kamata a fara zubi da sassafe bayan sallar asuba ko a bari sai la'asar, kuma a gama a zubi daya, kwabin da ya dade a kasa ya fara kamawa kar a kara masa ruwa a ce za a farfado da shi.

Me yasa ba a ban ruwan tunda kowa ya ji ana fada? Saboda ba aikin kowa bane. Ranar da aka gama zubi ranar ake sallamar magini da leburori, gobe suna wani wurin, sai a bar wa maigadi ko yaran gida, su kuma in famfo ba ruwa shikenan, maigida kuma da ya kashe dubban daruruwa kan siminti da tsakuwa sai yaji kyashin kudin kura biyu ta 'yan garuwa. Shawarata ita ce a sa ban ruwa cikin ciniki tun farko, a ware kudinsa a san wanda zai yi, kuma a rike wani abu daga kudin aikin sai ranar bakwai in an zo an ga dabe a jike lafiya sannan a cika. Magini na kirki ba zai ki ba don sunansa ne ke gyaruwa. Maigida shi ma ya yi hakuri da motarsa a waje, karamar mota akalla sati daya zuwa kwana goma, mai nauyi sai an cika kwana 28 din.

Kafin in manta, a tausaya wa leburori. Zaka ga yaro ya daura yagaggen buhu ko leda a kafa ya shiga cikin kwabi tun safe, danyen siminti kuwa yana cin fata, da dare kafa ta yi jawur ta tsattsage har da gyambo. Takalmin roba da safar hannu nawa suke a cikin kudin gini?

Rokona gare ka Malam Edita, yawancin maginanmu a wajen aiki suka koyi sana'a a hannun iyayen gidansu, basu shiga makarantar koyon sana'a ba, kuma kundin ka'idojin gini na kasa da aka fitar a 2006 da Turanci yake, haka ma mafi yawan abinda hukumomi irin su COREN mai kula da injiniyoyi da CORBON mai kula da magina da ITF mai horar da ma'aikata ke fitarwa. In jaridarku zata ware dan fili ko sau biyu a wata ku gayyato injiniya ko kwararren magini yayi bayanin irin wadannan abubuwa da Hausa, masu karatu su aiko da tambayoyi, a kuma rika sawa a shafinku na Facebook da murya don wadanda karatu ke musu wuya, zai taimaka kwarai, kuma a fara kafin hunturu ya shigo don lokacin ne aka fi yin gini.

Na gode da bani wannan dama, Allah ya kara daukaka.

Naku,
wani tsohon magini mai karanta jaridarku, daga Kano.