Zuwa ga abokan cinikinmu na Tawa, kafin ku ɗauko kwamfuta zuwa shago

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwanmu.

Tun da damina ta faɗi, kusan kullum sai an sauke mana kwamfuta daga bayan kabu-kabu, an ce intanet ta mutu. Mu kunna, mu tarar lafiyarta ƙalau. Makon jiya wata Hajiya ta shigo ranta a ɓace. Wani ya ce mata sai an wanke na'urar kakaf, wato a goge duk abin da ke cikinta, aka wanke, takardun shekara uku suka tafi, intanet ba ta dawo ba. Ashe wayar talho ce ruwa ya shiga. Abin ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka rubuto.

Mai shiga intanet ta modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin talho, ya fara da kunnensa. Ku zare wayar talho daga modem, ku sa ta a jikin talho, ku saurara. In shiru ne ko ƙarar ƙas-ƙas, ciwon a layi yake. Windows ma tana faɗar lambar ciwon: 680 babu sautin layi, 676 layin a kame yake, 691 an ƙi sunanku ko kalmar sirri. Wannan ta ƙarshe ita ta fi wahalar da mutane, don a allon rubutu irin na Faransa lambobin jerin sama ba sa fita sai an danne maɓallin Maj, wato Shift. Ku kuma duba ko kuɗin wata ya ƙare.

Wani lokaci kiran ya shiga, amma shafi ya ƙi buɗewa. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kun rubuta google.com, sai ta tambayi wata na'ura da ake kira DNS, kamar baƙon da ke tambayar mai unguwa gidan wane. In mai unguwa bai amsa ba, baƙo na tsaye, ga hanya kuwa a buɗe. Ku buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ku rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta dawo, layinku na aiki. Sai ku gwada ping google.com. In ta ce ba ta gane sunan ba, to DNS ne. Ku rubuta ipconfig /flushdns, ku sake gwadawa. In ya ƙi, a sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4 a gurbin DNS, na Google ne, kyauta tun 2009. Wanda bai saba da wurin ba ya kira mu, mu bi da shi ta talho.

Jinkiri kuwa ba lalacewa ba ne, modem ba ya wuce 56k ko a ranar sa'a.

Don Allah, in kun ga hadari ya haɗo, ku zare wayar talho daga modem, ba ta wuta kaɗai ba, tsawa na biyo ta. In za ku kira mu, ku rubuta a takarda lambar ciwon da Windows ta nuna. Kada ku yarda a wanke muku na'ura ba mu ji lambar nan ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Ma'aikatan shagon gyaran kwamfuta, Tawa