Sanda mai tsawo a kan injin tanin ba ta son ƙarfi

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kafintoci, musamman masu juya katako a inji, wato aikin da muke cewa tanin.

Abin da ya sa na rubuto, kwanan baya wani yaro ɗan koyo a layinmu ya ɗora sandar labule mai tsawon ƙafa biyar a inji, kaurinta bai kai inci biyu ba, yana zuwa tsakiya ta fara karkarwa tana kuka kirrr, maimakon ya kashe inji sai ya ƙara matse tsinin baya, wato tsinin da ke riƙe ɗaya ƙarshen sandar, ya danna cizal ɗin da ake sassaƙa da shi da ƙarfi, sanda ta ɓalle ta dake shi a haɓa sai da aka yi masa ɗinki. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa dalili.

Toh ga dalilin. Sanda in ta yi tsawo tsakiyarta ba ta da madogara, cizal na taɓa ta sai ta goce ta dawo, ta goce ta dawo, shi ne kake ganin wannan zanen kamar igiya ta naɗe a jikinta wanda samfefa ba ta iya gogewa. Kuma abin ba kaɗan kaɗan yake ƙaruwa ba. In ka ninka tsawo biyu, lanƙwasar sau 8 take ƙaruwa, in kuma ka rage kauri da rabi sau 16 ne. Shi ya sa ƙafar tebur ba ta ba ka wahala amma sandar labule ko ta matakalar bene sai ta nemi sa ka kuka.

Matse tsinin baya kuwa ƙara ta'azzara abin yake, kana danno sanda ta ɓangarorinta biyu dole ta gantsare kamar baka. Ka matse daidai yadda ba za ta zame ba, shikenan, in ta fara rawa ma ka ɗan sassauta ka gani. Cizal ya zama wasasshe sosai, dakusasshe turawa yake ba ya yanka, ka riƙa ɗiba kaɗan kaɗan, ƙarfen da kake ɗora cizal ya matso dab da katakon. Sannan kar ka sirantar da sanda gaba ɗaya lokaci guda, ka gama wani yanki ka bar sauran da kaurinsa yana riƙe ta.

Amma babban maganin, wanda saboda shi ne ma na rubuto, shi ne a yi wa tsakiyar mariƙi. Ba wani abin tsada ba ne. Zoben ƙarfe ko katako mai kauri, a sa masa hannu uku masu matsawa, kowane da boris a bakinsa, a ɗaure shi da noti a gadon inji, boris ukun su rungume sandar tana juyawa a tsakaninsu. Nawa da tsofaffin boris ɗin babur aka haɗa min, na sa musu guntun tiyo don kar su bar shaida a jikin katako. Ranar da na fara gwada shi da sandar maɗaci na ji kukan nan ya ɗauke ɗif, ɓawon katako na fita dogo dogo yana naɗewa a hannuna, har maƙwabta na kira su zo su gani. In babu mariƙi wasu na tallafe bayan sandar da yatsun hagu, yana aiki, amma in ka ji zafi to ka danna da yawa, kuma dan girman Allah kar a sa tsumma ko safar hannu, sannan a tabbata an naɗe hannun riga.

Sai shi kansa injin. Yawancin namu haɗin gida ne, motar lantarki mai juyi kamar 1,440 a minti da fuli, wato gargaren da bel ke hawa, guda ɗaya, gudu ɗaya ke nan ko sanda ta so ko ta ƙi, alhali wani lokacin sauya gudu kawai ke kashe rawar. Injin ma ya zauna daram, a kafe shi a kankare ko a jibga masa buhunan yashi, a duba boris ɗin kai ko ya ci. Katako kuma a zaɓo busasshe miƙaƙƙe, ɗanye tun kana aiki yake murɗewa.

Don haka roƙona ga masu walda da ke haɗa mana inji, na Panteka a Kaduna da namu na nan Kano, ku riƙa haɗa fuli mai hawa uku da wannan mariƙin tare da inji tun farko, a sa a cikin kuɗin, za mu biya. Iyayen gida kuma kar a bar ɗan koyo shi kaɗai da doguwar sanda sai an tsaya a kansa ya yi biyu uku.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, wani kafinta daga 'Yan Katako, Na'ibawa, Kano.