Ba iskar Rana kaɗai ke cika wutsiyar maganaɗisun Duniya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun bayan guguwar rana ta 10 da 11 ga Mayun 2024, rahotanni da yawa ke cewa duk abin da ke yawo a sararin da ke kewaye da Duniya daga Rana ya zo. Maganar ba ta cika ba, shi ya sa muke neman fili a jaridarku.

Iskar Rana, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da Rana ke fesowa, tana gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. Idan ta iso, sai ta danne maganaɗisun Duniya ta gaba, ta ja shi ta gefen dare ya zama wutsiya da ta zarce inda Wata yake nesa ba kusa ba. A tsakiyarta akwai shimfiɗar filasma mai zafi, wato ƙwayoyi masu caji. Sama da ƙasa da ita kuwa kusan fayau ne. In layukan maganaɗisu suka tsinke suka sake haɗewa, dunƙulen filasma kan ɓalle ya yi baya, abin da kumbon ISEE-3 ya gani a 1983.

To, ina asalin ƙwayoyin? Cajinsu ke faɗa, yadda tsagar gado ke faɗin asalin mutum a nan ƙasar Kabi. Hiliyam mai caji biyu na Rana ne. Oksijin ɗin Rana kuma ya zubar da ilektiron 6 ko 7 saboda zafin da ya baro. Amma oksijin mai caji ɗaya tak namu ne, daga saman iskar Duniya yake tashi ta ƙuryar arewa da ta kudu. Tun 1972 aka gano shi, kuma yawansa kan haura sosai lokacin guguwa. Ya ninka furoton, wato ƙwayar haidurojin mai caji ɗaya, nauyi sau 16, don haka ko kaɗan ne ya shiga, filasmar ta yi nauyi. Kumbon Kaguya na Jafan har a kusa da Wata ya tarar da shi.

Awon ne ke da wuya. A cikin na'urar awon da ke jikin kumbo, ƙwaya takan fara bi tsakanin faranti biyu lanƙwasassu masu wuta, mai ƙarfin da aka zaɓa kaɗai ke wucewa. Daga nan ta huda siririn fallen kabon, ilektiron ɗin da ta kaɗo ya tayar da agogo, ta bugi farantin ƙarshe bayan 'yan santimita agogon ya tsaya. Abin da lokacin ke bayarwa shi ne nauyi a raba da caji, kuma nan gizo ke saƙa. A wutsiyar Jufita, inda watan Io ke zuba kusan tan ɗaya na salfa da oksijin kowace daƙiƙa, oksijin mai caji ɗaya da salfa mai caji biyu duka 16 suke bayarwa, sai a kasa bambanta su. A tamu wutsiyar, furoton ya yi yawan da yakan kutsa cikin lissafin oksijin. Sannan hasken rana kan sa jikin kumbo ya ɗauki caji ya kori ƙwayoyi marasa ƙarfi, a ƙirga ƙasa da abin da ke akwai; saboda haka aka sa wa kumbunan Cluster da aka harba a 2000 na'urar fesa ƙwayoyin indiyom don rage cajin.

Abin ya shafe mu ma. A babbar guguwa, wannan oksijin kan dawo daga wutsiya ya ɗauki kaso mai tsoka na lantarkin da ke zagaye Duniya, kuma raunin da yake jawo wa maganaɗisu a ƙasashe irin namu na kusa da layin ikweta da ya raba Duniya biyu ake auna shi. Muna roƙon wakilanku, in an ba su adadin ƙwayoyi, su tambayi wace na'ura ce ta auna, kuma ko an gyara matsalar cajin kumbon.

Wassalam.

Wasu malaman Fiziks,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.