Godiya ga Ma'aikatan Babban Laburaren Zagreb da Suka Fito Mini da Mujallar Praxis

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Laburaren Ƙasa da Jami'a na birnin Zagreb, ƙasar Kuroshiya, musamman masu kula da sashen jaridu da mujallu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na aika muku da fassarar wannan wasiƙa daban, amma asalinta da Hausa na rubuta, na kuma sa ta a bainar jama'a domin 'yan'uwana ɗalibai su ji abin da kuka yi mini. Mu a wajenmu yaba kyauta tukuici ne, ni kuwa ba ni da tukuicin da ya wuce wannan.

Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina karatun digiri na uku a ƙasar Hungari. Bincikena a kan tambaya guda yake: me ke faruwa da malamin jami'a mai aƙidar Markisanci idan ya soki gwamnatin da ita ma da sunan Karl Marx take mulki? Duk wanda ya kama wannan tambaya, ko ba jima ko ba daɗe sai ya zo kan Praxis, mujallar falsafar da aka buga a Zagreb daga 1964 zuwa 1974, lokacin da Tito ke mulkin Yugoslabiya.

Wata bakwai na yi ina neman wannan mujalla kafin in zo wurinku. Laburare uku na rubuta wa a ƙasashen Turai, ba zan kama sunan kowa ba. Na farko bai amsa ba har yau. Na biyu ya amsa bayan mako biyar da takardar cikewa, na cike na mayar, aka sake aiko mini da ita kamar ban taɓa cikewa ba. Na uku ya ce zai ɗauko mini hoton shafukan, amma kuɗin da ya yanka ya fi abin da nake ci a wata. Daga nan na faɗa hannun wani mai sayar da tsofaffin littattafai ta intanet. Na biya, na jira mako uku, da kunshin ya iso sai na ga Praxis International ce, wadda aka fara bugawa a Oxford a 1981. Suna ɗaya, jini ɗaya, amma ba ita ba ce. Da na yi magana sai ya daina amsa mini. Abin da na tsinta a intanet kuwa ya taimaka, sai dai wasu shafukan dishi-dishi suke, kuma na harshen Sabiya da Kuroshiya ban san inda zan kama su ba.

Akwai kuma tsoron da na taho da shi. Na karanta cewa bayan wargajewar Yugoslabiya, a shekarun 1990, an kwashe littattafai masu yawa daga wasu laburarori na Kuroshiya an zubar, musamman na Markisanci da waɗanda aka buga a Sabiya. Don haka da na hau motar safa daga Budapest cikin sanyin Nuwamba, raina a dagule yake. Na ce ko dai a ce mini babu, ko a yi mini kallon baƙin mutum da ya zo tonon abin da masu gida suka binne.

Rajista da karɓar kati ba su ɗauke ni rabin awa ba, wannan aikinku ne na kullum. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, da na tarar a teburin mujallu. Ba zan faɗi sunanta ba tunda ban nemi izininta ba. A raina Inna nake ce mata, kuma haka zan kira ta a nan.

Na miƙa mata takardar da na rubuta lambobin fitowa huɗu. Ta duba, ta ɗago kai ta tambaye ni cikin Turanci: ta gida nake so ko ta waje? Ashe na gauraya lambobin. Praxis iri biyu ce, akwai ta gida da harshen ƙasar, akwai kuma ta ƙasa da ƙasa da aka fara a 1965 da Turanci da Faransanci da Jamusanci, kuma ba kowane lokaci abin da ke cikinsu yake zama ɗaya ba. Wani ma'aikacin da sai ya kawo abin da na rubuta ya wanke hannunsa. Ita kuwa ta zaunar da ni, ta gyara takardar da hannunta, ta ce in je in sha shayi in dawo. Da na dawo na tarar da keken littattafai cike, iri biyun duka, an jera su shekara bi shekara. Wallahi sai da na tsaya na ɗan lokaci ban iya cewa komai ba.

Fitowar farko ta 1964 ta fara buɗe mini. Ta sa yatsa a kan sharhin editoci, ta fassara mini kansa: Praxis don me? A nan ne suka ɗauko maganar da Marx ya rubuta wa Arnold Ruge a 1843, cewa aikin da ke gabansu shi ne sukar duk abin da ake ciki, ba sani ba sabo. Gajo Petrović da Danilo Pejović su ne manyan editoci na farko, daga baya Rudi Supek ya maye gurbin Pejović, tare da su akwai Milan Kangrga da Predrag Vranicki da Danko Grlić da Branko Bošnjak, Ƙungiyar Masana Falsafa ta Kuroshiya ce ke bugawa. Waɗannan mutane ba 'yan adawa ne daga waje ba. Supek ya yi zaman sansanin Buchenwald a hannun 'yan Nazi. Grlić kuwa gwamnatin Tito ce da kanta ta taɓa tsare shi a tsibirin Goli Otok. Sun san ɗacin ɓangarorin biyu da jikinsu.

Na san labarin a takarda, amma sai da na ga kundayen a jere na fahimci yadda ya tafi. Tito ya ɓata da Stalin a 1948, daga 1950 kuma aka kawo tsarin da ya ce ma'aikata su ne za su tafiyar da masana'antunsu. Wannan ya buɗe 'yar ƙofa. Matasan malamai suka koma ga rubuce-rubucen ƙuruciyar Marx, musamman na 1844, inda yake bayanin yadda ake raba ma'aikaci da amfanin guminsa har ya zama baƙo a aikin hannunsa. A taron masana falsafa da aka yi a Bled a 1960 suka kara da masu bin koyarwar Sobiyet, waɗanda ke cewa tunanin ɗan Adam madubi ne kawai da ke nuna abin da ke waje. Su kuma suka ce a'a, mutum mai aikatawa ne, mai ƙirƙira, da hannunsa yake sauya duniya, abin da kalmar praxis ke nufi ke nan. To idan haka ne, tambayar da ke biye ba ta da daɗin ji ga masu mulki: a ƙasar da ake cewa ta ma'aikata ce, me ya sa jam'iyya da manyan ofisoshi suke yanke komai? Ashe ana iya zama baƙo a gidan gurguzu ma?

Inna ta ware mini fitowar da ta ƙunshi jawaban makarantar bazara ta tsibirin Korčula, inda ake haɗuwa daga 1964 har 1974. Ernst Bloch ya je, Herbert Marcuse ya je, haka Henri Lefebvre da Jürgen Habermas da Lucien Goldmann. Masanan gabas da na yamma a tebur ɗaya, a tsakiyar yaƙin cacar baka. A watan Agustan 1968 suna cikin taron ne tankokin Sobiyet da ƙawayenta suka shiga Chekoslobakiya, mahalarta kuma suka fitar da takardar yin Allah wadai. Wata biyu kafin nan ɗaliban Belgrade sun mamaye jami'arsu suna kukan cewa sabbin masu kuɗi sun tsiro a cikin jam'iyya. Tito ya fito a talabijin ya ce ɗaliban suna da gaskiya a yawancin kokensu, daga baya laifin ya koma kan malamansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka kashe mujallar. Ba a wayi gari an rufe ta da doka ba. Shaƙe ta aka yi a hankali. Jaridun jam'iyya suna zagi, masu kishin ƙabilar Kuroshiya su ma suna zagi domin Praxis ta ƙi bin su. A 1971 kotu ta dakatar da rarraba wata fitowa, wadda ke ɗauke da maƙalar Kangrga a kan masu matsakaicin hali na Yugoslabiya. Aka riƙa janye tallafin kuɗi. A Janairun 1975 majalisar Sabiya ta dakatar da malamai takwas na Jami'ar Belgrade daga koyarwa, cikinsu har da Mihailo Marković da Svetozar Stojanović da Zagorka Golubović da Ljubomir Tadić. A wannan shekarar maɗaba'a ta ƙi karɓar aikin mujallar, shi ke nan. Gwamnati tana iya cewa ita ba ta hana kowa rubutu ba, alhali ta tabbatar babu mai bugawa. Da na kai kundin 1974 na juya bayansa na ga babu na gaba, sai na ji kamar na raka gawa.

Ba na so in mayar da su waliyyai, Inna ma ba ta bar ni na yi hakan ba. Ita ce ta tuna mini cewa Marković, wanda ya yi shekaru yana rubutu a kan 'yancin ɗan Adam, ya ƙare a matsayin jigo a jam'iyyar Slobodan Milošević, shugaban Sabiya da ya rura wutar ƙabilanci, yayin da Kangrga ya ci gaba da yaƙi da ƙabilanci har ya rasu a 2008. Wannan rabuwa tana yi mini ciwo, kuma babi guda na kundina a kanta zai tsaya. Ta faɗa mini cewa ta saurari laccar Petrović tana ɗaliba, kuma ita kanta ba ta bin ra'ayinsu. Duk da haka kwana huɗu tana zagayowa teburina lokacin hutunta, tana fassara mini kawunan maƙalu, tana nuna mini wadda aka buga a ta gida ba a sa a ta waje ba. Ranar farko da ta ga na tashi ina dube-dube da azahar, ta tambayi abin da nake nema, ta nuna mini wani lungu mai tsabta inda zan yi salla. Sauran kwanakin ban sake tambaya ba.

A nan ne zuciyata ta koma gida, kuma dole in faɗa. Mu ma mun yi namu zamanin. Muna da malamai irin su Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Bala Mohammed wanda aka kashe a Kano a 1981, an yi gwamnatocin PRP na Balarabe Musa da Abubakar Rimi, an buga mujallu da ƙasidu da takardun taro da Hausa da Turanci, an yi muhawara mai zafi a kan talaka da sarauta da mulkin soja. Ina waɗannan takardu suke yau? Kafin in fito karatu na shiga wani laburare a gida neman ƙasidun wancan lokaci. Aka ce mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Na dawo washegari, aka ce sai na kawo takarda daga shugaban sashe. Na kawo, aka ce babu wuta. Ranar da aka buɗe mini ɗakin, gara ta cinye rabin kwalin, ruwan damina ya manne sauran. Ma'aikacin ya ce in “ga yara” kafin ya bar ni in ɗauki hoton abin da ya rage. Ban ɗora wa shi kaɗai laifi ba, na san yadda albashi yake, na san rufin ba shi zai gyara ba. Amma ba rashin kuɗi ne ke sa a bar ɗalibi tsaye awa biyu ba a ko ɗago kai an dube shi ba. Kuma na ga irin wannan wulaƙanci a wuraren da ke da wuta da na'ura da kuɗi a nan Turai, waɗanda na ambata a sama. Ku kuwa mujallar da tsohuwar gwamnatinku ta shaƙe, wadda ta bayanta ma ba ta yi marmarinta ba, kun adana ta lafiya lau, kun kuma miƙa ta ga baƙon da ba ku taɓa gani ba.

Ina roƙon shugabannin wannan gida su isar wa Inna da gaisuwata, tare da saurayin da ya riƙa turo keken daga ma'ajiya sau biyu a rana bai taɓa ɓata fuska ba. Ta ce mini ta kusa yin ritaya. Allah ya sa ta gama lafiya, ya ba ta tsawon rai, ya saka mata da alheri. Na bar wasu fitowa na 1972 da 1973 ban gama da su ba, in Allah ya yarda zan dawo bayan hunturu, kuma idan kundina ya kammala kwafi ɗaya naku ne.

Naku mai godiya,
Ɗalibi daga Katsina, mai karatu a Hungari.