Za su kai ta ƙauye, maganin bai ƙare ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaida ki da aiki. Daga Tawa nake rubuto miki, kuma don Allah in za ki karanta kada ki ambaci unguwa, don gidan da maganar ta shafa ba sa kashe rediyo.

Ranar Lahadi mai zuwa suke son su saka ƴar yayata a motar kasuwa a kai ta ƙauye wurin dangin uba. Shekararta 9. Tana kan magani na kwana 28, ko rabi ba ta kai ba. Babban wan mijin yayata ne ya yanke hukuncin, shi da ko sau ɗaya bai tambayi yadda yarinyar ta kwana ba, asirin gidansu kawai ya dame shi.

Cin zarafin da aka yi mata ba zan zayyana ba, ke uwa ce, kin gane. Ni ungozoma ce, na san abin da ake yi wa yaro in haka ta faru, shi ya sa abin yake ci mini rai. Da ta gaya wa uwarta da dare, da safe muka kai ta likita. Mutane suna zaton sai an fara zuwa komisariya an karɓo rekizisiyon kafin a taɓa yaro. Ba haka ba ne. Rekizisiyon takardar shari'a ce, magani ba ya jiran ta. Maganin kariya daga sida dole a fara shi kafin awa 72 su cika, in sun wuce ba ya aiki. Ana auna shi da nauyin yaro, a sha kullum a lokaci guda har kwana 28. Yakan sa tashin zuciya da kasala a farko, a nan ne iyaye suke cewa yana wahalar da ita su ajiye, alhali in an katse kariyar ta raunana. Akwai maganin sauran cututtukan sanyi, ana duba karne a ga ko ta samu rigakafin ciwon hanta da na tetanos, sannan a sake gwajin jini bayan wata 3. Da budurwa ce wadda ta fara al'ada, da an ƙara da maganin hana ɗaukar ciki, shi kuma iyakarsa awa 120. To wa zai bi duk wannan a ƙauyen da ko ita kakar ba ta san sunan maganin ba?

Kakar ma ita ta fara ɓata abin. Kafin mu fita ta dafa ruwan zafi da bagaruwa ta zaunar da yarinyar, ta wanke kayan da ke jikinta ta shanya. Kayan nan ba a wanke su. Ana barin su su bushe yadda suke, a naɗe a takarda ko a saka a ambulan, ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Sannan ta kira wata tsohuwa ta duba ta, tsohuwar ta ce ba a yi komi ba. Yanzu maganar tsohuwar nan suka riƙe. Hajiya, yawancin yaran da aka ci zarafinsu in an duba ba a ganin rauni, jikin yaro yana saurin warkewa, kuma wani cin zarafin ba ya barin tabo. Duban budurci kuwa ba ya tabbatar da komi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina shi tun 2018. Ko a likita ba a danne yaro a duba shi. Ana yi masa bayani da harshensa, wanda ya amince da shi yana gefe, in ya ce a tsaya a tsaya.

Na manta ban gaya miki ba, wanda ya yi abin ƙanen ubanta ne, magidanci, ɗakinsa na jikin zaure. Har yau yana nan, yana cin tuwon gidan. Yarinyar ce za a kora.

Suna cewa ƙarya take yi don ta canza magana. Yaya ba za ta canza ba? Uba ya tambaye ta da tsawa, kaka ta tambaye ta, babban wan ya tara mutane a tsakar gida ya tsayar da ita, shi mutumin yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, aka ce ta maimaita. Ta kama bakin hijabinta tana murɗawa, ta ce ta manta. Yaron da ya firgita ba ya jera labari daga farko zuwa ƙarshe, yakan rikita rana da wuri, yakan janye maganar in ya ga uwarsa na kuka saboda shi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce mutum guda da ya iya ya saurare shi, a ɗaki mai natsuwa, ya ce “gaya mini abin da ya faru”, ba “wane ne ya yi miki kaza, ko?” ba. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, ba a gyara masa. A ce masa an yarda da shi, ba laifinsa ba ne, ya yi daidai da ya faɗa. Ba a yi masa alkawarin ɓoye maganar, a gaya masa wa za a gaya wa da dalili. A ƙasar Aisland tun 1998 suna da gida guda da suke kira Barnahus, likita da ɗan sanda da ma'aikacin jin daɗin yara da mai kula da ƙwaƙwalwa duk su suke zuwa wurin yaron, a saurare shi sau ɗaya a naɗi maganar. Mu a tsakar gida aka yi wa tamu shari'a.

Yanzu ta koma fitsarin kwance, kakar na zaginta a kai. Tana firgita cikin barci, tana kukan ciwon ciki, ba ta bi ta zaure sai ta riƙe zanen uwarta. Lekol ma an hana ta zuwa wai kada ta yi surutu, alhali lekol da wasa da tsararrakinta da cin abinci a kan lokaci su ne suke fara maido da yaro hayyacinsa. Madam ɗinsu ba sai ta san komi ba, a ce mata kawai yarinyar na cikin damuwa, kada a dake ta in ta yi shiru.

Hanyar hukuma na san ta. A kai ƙara wurin ƴan sanda masu kula da yara ko jandarma, su ba da rekizisiyon, likita ya rubuta satifika, takardu su je wurin mai gabatar da ƙara. Alƙalin yara yana da ikon ɗauke yaron da ke cikin haɗari ya damƙa shi ga wanda ya yarda da shi, dokar 2014 ta kotunan yara ta ba shi wannan. Ma'aikatan CEPPP, wato cibiyar gwamnati ta kare yara, su ne masu ziyartar gida su bi lafiyar yaro da karatunsa, hukumar gwamnati da ake kira ANAJJ kuma tana ba yara taimakon shari'a kyauta. In ba a samu mutum guda da ke riƙe da zaren ba, nan ake samun matsala, kowane wuri ya sake tambayar yaro daga farko, iyaye su gaji da kuɗin kabu-kabu su bari. Kuma na san in magana ta shiga hannun mai gabatar da ƙara, ko iyali sun ce sun yafe ba lallai ta tsaya ba, don fyaɗe babban laifi ne, ba bashi ba ne da za a yafe a zaure.

Wannan ɗin ne ya tsayar da ni. Babban wan ya ce duk ranar da takarda ta shigo gidan, yayata ta tattara kayanta, kuma ƴaƴan nasu ne. Tana da wasu ƙanana biyu mata a gidan, tana goyon na huɗu, ba ta da sana'a. Ya ce ni ƴar boko ce mai son tona asiri, dangin uwa ba su da ta cewa. Ni ban tona wa kowa asiri ba, ko mahaifiyarmu ban gaya wa ba saboda hawan jininta. Likita kawai na kai yarinya da yardar uwarta, kuma ko gobe haka zan yi. Mijin yayata kuwa ya zama kurma, wansa ya ce, shi kenan.

Hajiya, in na je CEPPP ni kaɗai ba da sanin uban ba, na ci amanar yayata ne? Ta roƙe ni da kuka in bari ƙura ta lafa. Amma ƙananan nan biyu ta zauren nan suke wucewa kullum. Na yi tunanin in nemi a ba ni yarinyar riƙo har maganin ya ƙare, da sunan jinya, sai dai in sun ba ni sun samu abin da suke so, an rufe magana, shi yana nan. Ko akwai malamin da za ki gayyato ya yi bayani ko rufin asirin da addini ya ce ya haɗa da irin wannan? Da ayar rufin asiri suke rufe wa yayata baki, ita kuma tana jin tsoron Allah, tana ganin in ta yi magana ta yi zunubi. Ni dai abin da na fi bukata ki gaya mini yadda zan yi wa yayata magana ta tashi mu tafi tare da ƙafarta, don in ni na kai ba da ita ba, yarinyar za ta ga uwarta ba ta tsaya mata ba.

Taki mai sauraro, daga Tawa.