Maganar Gidan Hajiya

Haɗeja, Jihar Jigawa
Agusta 2025

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk jama'ar zango a Kumasi. Mu nan lafiya lau, sai marka da ta kankama. Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi. Amma maganar ta fi ƙarfin waya, balle kai da in an fara magana mai nauyi sai ka ce ga mai saye ya shigo shago. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a natse.

Ka ce in shiga kasuwa in tambayo maka kuɗin babban janareta, wanda zai ɗauki firij da fanka da talabijin, a kai gidan Hajiya. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Sai dai ka riƙe kuɗin nan tukuna, ka ji ni da kyau. Abin da yake hana ni barci a kan gidan nan, ruwa ne.

Ka san inda gidanku yake, ka san tsakaninsa da jinga. Ka daɗe ba ka ga kogin ba, amma in gaya maka, ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa da yawa ta ƙasa, wajen su Guri da Kirikasamma, ruwa ya zo ya rasa inda zai wuce sai ya komo ya kwanta a kan gonaki da garuruwa. Kuma namu ruwan ba sai an yi sama a Haɗeja ba. A tafka shi a Kano, madatsun Tiga da Challawa su cika su tumbatsa, ya biyo ta Wudil, ya ratsa Ringim, bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofarmu alhali rana tana ƙwallewa a nan. A 2020 da 2022 ba ka nan, amma ka ga hotunan da na turo maka: samari da dattawa a bakin jinga cikin dare, ana ɗura ƙasa a buhu, ana jerawa, masu tocila suna bin ta suna neman inda take tsiyaya. A 2022 ɗin nan mutum sama da 600 ambaliya ta ci a faɗin Najeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi ji a jika.

Sai kuma Maiduguri. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Madatsar Alau ta ɓalle, ran 10 ga Satumba 2024 mutane suka farka cikin dare ruwa yana ɗakunansu. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, har namun gidan zu ya kwaso ya watsa cikin gari. Dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Shekara 30 cif bayan wadda aka yi musu a 1994, wasu ma ba a haife su ba lokacin. Bana kuma ga Mokwa a ƙarshen Mayu, da asuba, sama da mutum 150 suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da na lura da shi a duka biyun, ruwan bai ba kowa lokacin shiri ba. Wanda ya fita da takardunsa da maganinsa, to dama a haɗe suke wuri ɗaya. Wanda ya tsaya nema, da kyar ya fita da ransa.

To, na je na gaishe da Hajiya ran Juma'a, na ɗan taɓa mata maganar ta koma Gumel wajen ƙanwarka har ruwa ya ja. Ka san ta. Ta ce gidan da aka kawo ta amarya, nan za a fitar da ita, kuma wa zai duba mata awaki. Na ce Hajiya, ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ta yi dariya, ta ce in ci tuwona ya huce. Taurin kan nan naka dai na ga inda ka samo shi, kada ka sake ɗora wa marigayi Baba.

Bari in gaya maka abin da na yi a nawa gidan, don shi nake so a yi a can. Na samo bokitin fenti mai murfi, na wanke shi tas. Takardun gida da na gona, takardun haihuwar yara, na makaranta, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, duk na naɗe su a leda ninki biyu na zuba a ciki, na rataye shi a sama kusa da ƙofa. Kowace takarda kuma na ɗauki hotonta a waya, na tura wa ƙanina a Kaduna, ko da wayar ma za ta faɗa ruwa. A ciki har da kuɗi tsaba, ƙananan canji, domin ranar da wuta ta tafi sabis ya ɗauke, mai POS ɗin da kake taƙama da shi hannu zai buɗe maka. Akwai tocila, da ashana a cikin kwalba, da ƙaramin rediyo mai batir, da takarda mai lambobin wayar 'yan'uwa da na mai unguwa, an rubuta da biro. Yanzu tambayi yaro lambar uwarsa da ka, ka gani in ya sani. Ni na sa nawa sun haddace biyu.

Hatsi kuma na ɗaga shi daga ƙasa, na ɗora buhunan a kan benci da bulo. Mai ɗakina ta ware garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da sukari, abin da za a ci ba sai an hura wuta ba, don itace da gawayi in suka jiƙe an shiga uku. Jarka biyu na ruwan sha a cike suke kullum, ana juye su ana sabuntawa. Wannan na ruwan shi ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi kisa. Ambaliya in ta zo, masai da rijiya haɗewa suke, bayan ruwa ya ja sai amai da gudawa su shigo. A Borno ma, wata bai cika da ambaliyar ba aka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ruwan ko an sa masa kulorin. Na koya wa babbar 'yata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro ma yana cikin kayan, don sauron bayan ambaliya ka san halinsa.

Af, na tuna. Auta ya kawo kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar nan ta Matsaro, an karɓa, an sa rana bayan kaka. Kawu ya ce in gaya maka akwatin lefe ɗaya a wuyanka yake, kuma kada ka turo atamfa irin ta bikin Yaya wadda ta zuba a wankin farko. Ɗan ajinmu mai sayar da kifi kuwa ya sauke farali bana, ya dawo da haƙorin Makka, yanzu ko sallama ka yi masa sai ya yi murmushi kafin ya amsa. Ya tambaye ka. Ya ce wai ka yi tumbi, dokunu da kifi sun karɓe ka, har ka manta da ɗanɗanon miyar kuka. Turo hoto mu tabbatar.

In koma kan wuta, tunda ita ka fi damuwa da ita. Ku da kuka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a Gana ba sai na yi maka dogon bayani ba, amma abin da muka gani a Oktoban 2024 daban ne. An lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya samu matsala, Arewa kusan gaba ɗaya ta zauna a duhu fiye da mako guda. A daidai lokacin litar fetur ta haura naira 1,000. Masu janareta da yawa kallonsa kawai suke yi. Injin niƙa ya yi tsada, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi saboda burtsatse ba wutar da za ta ja ruwa, wajen masu caji kuwa layi ne kamar na zaɓe. Waɗanda suka ji sauƙi su ne masu ɗan faifan sola a kan rufi. Ka yi tunani, Hajiya da yarinyar da take taya ta zama, wa zai riƙa ja musu igiyar inji, wa zai sayo mai, wa zai canza baƙin mai? Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, in ruwan sama ya sauko mutane sukan ja inji su shigar da shi zaure ko kusa da taga don kada ya jiƙe ko a sace. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Kusan kowace shekara sai ka ji labarin iyali guda an wayi gari babu su. Kurfoti da gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake.

Ni a ganina, faifan sola madaidaici da batir mai kyau, ƙwai uku ko huɗu, fanka ɗaya da wajen cajin waya, ya ishe ta. Batirin a ɗora shi a kan kanta mai tsawo, ba a ƙasa ba. A kuma nuna wa yarinyar inda katawut yake, da zarar ruwa ya fara shigowa tsakar gida ta cire shi da busasshen hannu, kafin ya kai ga soket. In ya riga ya kai, kada ta taɓa komai, su fita kawai.

Saura maganar allurarta ta ciwon suga, wadda na san don ita kake zancen firij. Wannan kam gaskiyarka. Insulin ba ya son zafi, ba ya son rana, ba kuma a barinsa ya daskare. Amma firij ɗin da babu wuta bayan kamar awa huɗu ya daina amfani, ko da ba a buɗe shi ba. Ka tuna tukunya cikin tukunya ta Malam Muhammad Bah Abba, malamin nan na kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000? Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan yana bushewa yana janye zafin. Ta fi aiki da rani, da damina sanyinta yakan ragu saboda laima, amma ta fi a bar maganin a kan taga. Na sayo tukwanen na kai mata. Allurar a sa ta cikin kwalba mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. Duk da haka zan raka ta asibiti a ranar ganin likitanta, mu tambaya kwana nawa wadda aka buɗe za ta yi a haka, a kuma rubuta mata maganin wata guda gaba, har da na hawan jini.

Ga abin da nake roƙonka. Ka kira ta da kanka, ba saƙo ba, kuma ka fara kiran Kawu, don maganarsa kaɗai take ji. Kada ka ce mata ta tashi daga gida, nan za ta toshe kunne. Ka ce ƙanwarka ta yi nauyi, tana bukatar uwa a kusa, wanda kuma gaskiya ne, watan haihuwarta ya matso. Awakin ni zan kwashe su zuwa gidan surukaina. In ta ƙi duk da haka, to a yi yarjejeniya tun yanzu a gaban Kawu: ranar da mai unguwa ya sa aka yi shela, ko aka ji a rediyo ruwa ya wuce Ringim da ƙarfi, ba gardama, za ta shiga mota. Na yi magana da direban da yake kai mana kaya kasuwar Gujungu, ya yarda, lambarsa tana wajena da wajen yarinyar. Ba na so a kai ga sai an nemo kwalekwale, ko a goyo tsohuwa cikin ruwa da dare. Ruwa mai gudu ko ƙwauri bai kai ba yana kayar da ƙato, ga macizai da yake korowa daga ramukansu.

Katangar bayan gidan ma ta ƙasa ce, gindinta ya fara zaizayewa, indararon ɗakin Baba kuma ya karye, ruwa a jikin bango yake sauka. Na kira magini ya duba, gobe zai faɗa min abin da za a kashe. Ginin ƙasa in ya sha ruwa ba ya sallama kafin ya zauna, ga shi a jikin bangon nan gadonta yake. Na sa an ja gadon zuwa ɗaya gefen, ta yi ta faɗa wai mun hargitsa mata ɗaki.

Shinkafar fadama ta yi kyau bana, in Allah ya tsare ta. Taki ne dai ya yi tsada, rabin abin da na saba na zuba. In ka tashi aiko da saƙon Auta, ka haɗo min da man kaɗanya mai kyau, mai ɗakina ta dame ni, da goro ko kaɗan ne don Kawu.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa min kan yara. Ka gaya wa babban in ya sauke izu goma kafin Sallah, kekensa yana wuyana. Ka kira Kawu a daren nan in ka samu hali, bayan isha'i yana gida.

Wassalam.
Naka har kullum,
abokinka na bakin kogi.